FASFON KARE: TARIHIN TAKARDUN DA MUKE YI WA DARIYA

A makon da ya wuce wani abokin aikina ya shigo ofis riƙe da fayil mai kauri, fuska a murtuke. Muka zaci takardun ƙarin girma ne suka sake maƙalewa, ashe na kare ne. 'Yarsa ce za ta koma Amurka wurin mijinta, ta kuma ce ƙafarta ƙafar karen da ta raina tun yana kwikwiyo. Ya baje mana takardun a tebur: katin rigakafi, sakamakon gwajin jini, lambar wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da aka dasa wa karen a ƙarƙashin fata, fom ɗin da aka cike ta intanet, da takarda mai hatimin likitan dabbobi na gwamnati. Ofis ya kaure da dariya. Masinjanmu ya ce, "Yallaɓai, wallahi karen nan ya fi ni takardu, ni ko fasfo ba ni da shi." Wata abokiyar aikinmu ta ce raini ne kawai irin na Turawa, sun gama wahalar da mu a layin biza, yanzu sun koma kan karnukanmu.

Ni ma na yi dariyar. Amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai, don na tuna wani yaro na unguwarmu wanda zan ba ku labarinsa a ƙarshe. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Takardun nan suna da tarihi, kuma cuta guda ɗaya ce ta haife su: haukan kare.

Cutar tsohuwa ce ƙwarai. A dokokin birnin Eshnunna, a ƙasar da yau ake kira Iraƙi, kusan shekara 4,000 da suka wuce, an rubuta cewa idan kare ya haukace, hukuma ta sanar da mai shi, bai tsare shi ba har ya ciji mutum ya mutu, zai biya shekel 40 na azurfa. In bawa ne ya mutu, shekel 15. Wato tun a wancan zamani an gane cewa alhakin kare yana wuyan mai shi.

Abin da ya haɗa cutar da tafiya shi ne ɓoyon da take yi. Kare zai ɗauki ƙwayar cutar yau, ya ci gaba da cin abinci da kaɗa wutsiya na makonni, wani lokaci har watanni, kafin ta isa ƙwaƙwalwarsa. A wannan tsakanin ba mai iya ganewa da ido. Mahaukacin kare da ke gudu da ƙafarsa bai cika yin nisa ba, don cikin 'yan kwanaki zai mutu. Amma wanda cutar ke kwance a jikinsa, in aka sa shi a jirgin ruwa ko jirgin ƙasa ko mota, zai kai ta inda ƙafarsa ba za ta taɓa kai shi ba. Mutum ne yake yi wa cutar dako.

A ranar 6 ga Yulin 1885 wata uwa ta iso Paris daga yankin Alsas da ɗanta mai shekara 9, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi wa kaca-kaca. Louis Pasteur ya gwada masa allurar da bai taɓa kammala gwada wa ɗan Adam ba, yaron ya rayu. Daga nan aka samu hanyar ceton wanda aka ciza, in an yi hanzari. Amma hana cutar yawo tsakanin karnuka wani aiki ne daban, kuma Ingila ce ta nuna yadda ake yin sa.

A ƙarni na 19 haukan kare ya addabi biranen Ingila. Sai aka naɗa Walter Long shugaban hukumar noma a 1895. A 1897 ya kafa dokar sa wa karnuka takunkumi a yankunan da cutar take, ya kuma kafa dokar hana shigo da kare ƙasar sai da izini. Daga baya aka tsayar da wata 6 a matsayin lokacin da za a killace duk karen da ya shigo daga waje. Masu karnuka suka yi masa ca, har da takardun koke na neman a tsige shi. Suna da hujja guda mai ƙarfi: dokar takunkumin ta tsallake garken karnukan farautar manyan mutane, ta faɗa kan karen talaka. Kun ga ba mu muka fara doka mai ido ɗaya ba. Duk da haka mutumin ya dage, kuma zuwa 1902 cutar ta ƙare a Birtaniya.

Shekara 16 aka yi lafiya lau. A 1918, ana ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojoji masu dawowa daga fagen fama suka riƙa shigo da karnukan da suka saba da su a ɓoye, don gudun killacewa. Cutar ta ɓulla a yankin Plymouth, ta bazu, aka sake ɗaura takunkumi, ba a shawo kanta ba sai 1922. Tausayin kare ne ya sa sojan ya ɓoye shi, amma aikin shekara 4 ya jawo wa ƙasa gaba ɗaya.

Tun daga lokacin Ingila ta riƙe dokar wata 6 ba sani ba sabo. Sigmund Freud, shahararren masanin halayyar ɗan Adam, da ya gudo daga Vienna zuwa Landan a 1938 saboda 'yan Nazi, yana da shekara 82, sai da aka raba shi da karyarsa aka killace ta wata 6, shi ne yake zuwa ganinta. A 1968 jarumar fim Elizabeth Taylor da mijinta Richard Burton sun ɗauki hayar jirgin ruwa suka ajiye shi a kogin da ya ratsa Landan, karnukansu suna ciki, don kada su taka ƙasa a kama su. A 1969 wani kare da aka kawo daga Jamus ya gama wata shidansa, aka sallame shi, sannan ya haukace a garin Camberley. Hukuma ta fito da maharba suka bi dajin da yake yawo suna harbe namun daji. A 1997 gwamnan Birtaniya na ƙarshe a Hong Kong, Chris Patten, bai iya shiga gida da karnukansa biyu ba, sai Faransa suka nufa.

To me ya kawo fasfo? Abubuwa uku ne suka haɗu. An samu allurar rigakafi mai inganci ta karnuka. An samu gwajin jini da ke nuna ko allurar ta kama. An kuma samu 'yar na'urar nan mai lamba da ake dasawa a ƙarƙashin fata, wadda ke tabbatar da cewa karen da ke gabanka shi ne mai takardar, ba wani mai kama da shi ba. A lokaci guda ƙasashen yammacin Turai sun ci ƙarfin cutar a cikin namun dajinsu ta hanyar watsa abinci mai ɗauke da rigakafi a dazuzzuka. Wata mata, Lady Mary Fretwell, matar tsohon jakadan Birtaniya a Faransa, ta jagoranci fafutukar a sauya doka. A ranar 28 ga Fabrairun 2000 kare na farko ya shiga Birtaniya da takardu ba tare da an killace shi ba. A 2004 Tarayyar Turai ta fito da fasfon dabbobin gida, ɗan littafi mai shuɗin bango.

Saboda haka fasfon da muke yi wa dariya sassauci ne. Kafinsa kurkukun wata 6 ne.

Amma sassaucin bai zo wa kowa daidai ba. Ga ƙasashen da cutar take har yanzu, irin Najeriya da Nijar, Tarayyar Turai ta gindaya sharuɗɗa. Sai an dasa lambar tukuna, sannan a yi rigakafi, kuma ba a yin sa sai kwikwiyo ya kai mako 12. A jira aƙalla kwana 30 a ɗebi jini a aika ɗakin gwajin da suka amince da shi. In sakamako ya yi kyau, a sake jiran wata 3. Ku lissafa da kanku, ba yadda za a yi kwikwiyo ya tashi daga nan ya shiga Turai bisa ƙa'ida bai kai kimanin wata 7 ba. Jiran wata ukun nan ba don mugunta ba ne. Idan kare ya riga ya ɗauki cutar kafin a yi masa allura, allurar ba lallai ta cece shi ba, lokaci ne kawai zai tona asiri.

Me ke faruwa idan aka karya ƙa'idar? A 1997 wani masunci ya kawo karnuka 3 a jirgin ruwa zuwa tsibirin Flores na Indunusiya, inda ba a san cutar ba. Mutum sama da 100 suka mutu a shekarun da suka biyo baya, aka kashe dubban karnuka. A 2008 ta shiga tsibirin Bali, can ma aka rasa sama da mutum 100. A 2004 wani matafiyi ya tsinci kwikwiyo a Maroko, ya ratsa Sifaniya da shi a mota har Bordeaux a Faransa, ya zaga da shi wuraren bukukuwa, yara suna shafa shi. Da kwikwiyon ya mutu aka gano haukan kare ne, sai da aka yi ta cigiya a rediyo da talabijin ana neman duk wanda ya taɓa shi. Wannan tarihin ne ya sa a 2015 ministan noma na Ostireliya, Barnaby Joyce, ya ba jarumi Johnny Depp wa'adin 'yan kwanaki ya fitar da karnukansa biyu da aka shigo da su a jirgin alfarma ba a bayyana ba, ko a kashe su. An fitar da su, kuma a 2016 matarsa ta lokacin, Amber Heard, ta amsa laifin ba da takardar ƙarya a kotu.

Yanzu mu zo kan fayil ɗin abokin aikina. Amurka ta sanar da kawar da nau'in cutar da ke yawo tsakanin karnuka a 2007. Bayan nan aka samu karnuka masu cutar da aka shigo da su daga Masar a 2015 da 2017 da 2019. A 2020 jami'ansu suka tare sama da kare 450 masu takardun rigakafi na jabu ko marasa cika. A 2021 wani ya shigo daga Azabaijan da cutar. Daga 14 ga Yulin 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe sama da 100, har da Najeriya. A ranar 1 ga Agustan 2024 sabuwar doka ta fara aiki: duk karen da zai shiga Amurka sai ya kai wata 6, yana da lambar nan a jiki, an cike masa fom. In daga ƙasa irin tamu ne kuma a nan aka yi masa rigakafi, sai ya sauka a filin jirgin da ke da wurin duba dabbobi mai rajista, a sake yi masa allura, in ba shi da gwajin jini karɓaɓɓe a killace shi kwana 28, mai shi ne kuma zai biya.

Akwai tsada a ciki, akwai wahala, ban musa ba. Amma ku lura da abin da ya jawo tsanantawar: takardun jabu. Mu da muke aikin gwamnati mun san ma'anar wannan. Duk ranar da wani jami'i ya buga hatimi a kan abin da bai gani da idonsa ba, ya rage darajar hatimin kowa. Mai gaskiya ne yake biyan bashin daga baya.

Laifi tudu ne. Mu sauko daga na Amurka mu duba namu.

Ba mu rasa hukumomi ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana nan tun 1924, tana gwada ƙwaƙwalwar karnukan da ake zargi, tana kuma yin allurar rigakafinsu. Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta tanadi izini kafin shigo da dabba ko fita da ita. Akwai hukumar killace dabbobi da tsirrai, NAQS, a filayen jiragen sama da tashoshin ruwa da kan iyakoki. A 2024 an ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. A filin jirgin Legas ko Abuja za a tambaye ka takardar kare. Amma kare nawa ne yake tafiya ta jirgin sama a ƙasar nan?

Karnukanmu a hanya suke. 'Yan farauta suna loda su a bayan akori-kura ko saman tirela, daga wannan jiha zuwa waccan, su haɗu da karnukan wasu garuruwa da namun daji, su dawo gida. Makiyaya suna ƙetare iyaka da nasu. Akwai fatauci babba da mutane da yawa ba sa son a ambata: ana bin ƙauyukan Arewa, har da Nijar da Cadi da Kamaru, ana sayen karnuka, a cusa su cikin keji ɗaya a kan ɗaya, a kai kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta Jihar Filato, daga can a wuce da su Kuros Riba da Akwa Ibom. Likitocin dabbobi na jami'o'inmu sun sha gwada ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka a irin waɗannan wurare, masu alamar ƙoshin lafiya, suka samu ƙwayar cutar a wasunsu. Sai kuma wanda duk muka sani, kwikwiyo a cikin kwali, an huda masa ramuka biyu, an tura shi cikin but ko ƙarƙashin kujera a tasha. Direba zai karɓi kuɗin kaya, ɗan kamasho zai karɓi nasa, masu shinge za su karɓi nasu. Ba wanda zai ce ina katin rigakafi.

Maƙwabtanmu na Cadi sun gwada abin a aikace. A 2012 da 2013 aka yi gangamin rigakafi a birnin Njamena, aka yi wa sama da kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin allura. Cutar ta yi ƙasa har aka yi watanni ba a samu mahaukacin kare ko ɗaya ba. Daga baya ta dawo. Da masu bincike suka duba nau'in ƙwayar, sai suka ga daga wajen birnin aka shigo da ita, kuma mafi kusa ga zato mutane ne suka ɗauko karnukan. Darasin Ingila na 1918 ne ya maimaita kansa a bakin kogin Shari: rigakafi yana aiki, amma in ba a kula da hanya ba, an share ɗaki ne an bar ƙofa a buɗe. Meziko kuwa ta dage da rigakafin kyauta na shekara da shekaru, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ita a matsayin ƙasa ta farko da ta cika sharuɗɗanta na kawar da mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare.

Hukumar ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wani zai ce mu ai ba ma ajiye kare a ɗaki. Gaskiya ne. Amma muna ajiye shi don gadi da farauta da kiwo, yana yawo a lungu, kuma da yake ba a ɗauke shi na cikin gida ba, ba mai tunanin kai shi asibitin dabbobi. Yaranmu ne suke wasa da shi.

Ga labarin yaron da na ce zan ba ku. Shekarun baya ƙanen wani maƙwabcina ya dawo daga ƙauye da kwikwiyo a kwali, don a raina shi ya yi gadin gida. Yara suka yi ta murna. Bayan kamar mako biyu kwikwiyon ya sauya hali, ya ciji ɗan maƙwabcin nawa mai shekara 8 a hannu. Ciwon bai kai a ɗinke ba. Aka wanke da ruwa, aka shafa magani, aka ce ai kwikwiyo ne, haƙorinsa ba dafi. Kwana uku kwikwiyon ya mutu, aka jefar da shi a bola. Aka manta. Bayan kusan wata biyu yaron ya fara zazzaɓi, aka yi ta ba shi maganin cizon sauro. Sai ya fara firgita, in aka miƙo masa ruwa ya ƙanƙame wuya yana kuka, ga ƙishirwa ga tsoro. Wasu suka ce iska ce. Da muka kai shi asibiti, likita ya ja uban gefe ya tambaye shi, "Baba, ko wani abu ya taɓa cizonsa?" Ina tsaye a wurin. Ya ce mana da zarar alamu sun bayyana sai dai a rage masa raɗaɗi. Kwana huɗu yaron ya ƙara. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri.

Kwikwiyon nan ya yi tafiyar sama da awa uku a mota, ya wuce shingaye da dama. Ni kaina na gan shi ranar da aka sauke shi, ban ce komai ba, don a lokacin ban san komai ba.

Don haka ina roƙon jama'a. In za ku ɗauko kare ko kwikwiyo daga wani gari, ku tambayi ko an yi wa uwarsa rigakafi, ku kai shi wurin likitan dabbobi kafin yara su fara wasa da shi, ku karɓi kati ku adana. Kada ku tsinci kwikwiyon da ba ku san asalinsa ba. A hanya a sa shi a keji mai iska, da ruwan sha, kada a rufe shi a but cikin rana, shi ma rai ne kuma amana ce. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, komai ƙanƙantar ciwon, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar a nemi allurar cizon kare. Kada a tsaya jiran gani. Karen kuma a ɗaure shi kwana 10 ana lura da shi, amma ba a jinkirta allurar mutum don wannan. In ya mutu kada a jefar, a sanar da ofishin likitan dabbobi a gwada.

Ga gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, ciki har da mu da muke riƙe da fayilolin, yi wa karnuka rigakafi ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba a kan yi wa mutane allura bayan cizo. A yi shi kyauta duk shekara, a haɗa da sarakunan farauta da masu unguwanni da shugabannin kasuwannin karnuka, su suka san inda karnukan suke. In katin ya samu ga kowa, sannan a fara tambayarsa a tasha da kasuwa. Amma don Allah kada a fara da tambaya kafin a samar da allura, in ba haka ba mun ƙara wa masu shinge wata hanyar karɓar na goro ne kawai, mu kuma buɗe kasuwar katin jabu da hannunmu.

Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da ake so a daina rasa rai saboda wannan cuta, kuma duk 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya mutu, ana tunawa da ita. Abokin aikina ya gama haɗa takardunsa, karen 'yarsa zai tashi wata mai zuwa. Ni tambayata ga masu karatu ita ce, a garinku yaushe rabon da ku ga an zo yi wa karnuka allura? Ku faɗa mini sunan ƙaramar hukumar, ina so in sani.

Allah ya tsare mana zuri'a.